Tarihin Allon Magana na Yaran da Bakinsu Bai Buɗe Ba

Wani manomi ya rubuto mana takarda daga Zurmi, ya ce ɗansa ya shekara huɗu, yana ji sarai, amma baki ya ƙi buɗewa. Tambayarsa ita ce, wai gaskiya ne akwai abin da irin waɗannan yara ke magana da shi? Kuma yaushe aka fara?

To Malam, gaskiya ne. Tun da can mu Hausawa muna da maganar hannu ta kurame, wadda wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano har ta fitar da littafi a 2000. Sai dai yaron da ciwo ya taɓa masa gaɓoɓi, ishara kan yi masa wuya. Don irinsu ne aka koma ga allon hotuna.

A 1949 wani mai suna Charles Bliss ya wallafa wasu alamomi a Ostareliya, da nufin kowace ƙabila ta iya karanta su. Ba su karɓu ba, sai a 1971 da wata malama, Shirley McNaughton, ta gwada su ga yara naƙasassu a Toronto ta ƙasar Kanada. Yaran da ake zaton ba su gane komai, sai ga su suna nuna alama bayan alama, suna jera zance. A 1985 kuma Andy Bondy da Lori Frost suka fito da dabarar miƙa katin hoto a Amurka: yaro ya fara da kati ɗaya, daga baya ya haɗa "ina son" da "ruwa". A 2009 manhajar Proloquo2Go ta sa abin cikin wayar hannu, ka taɓa hoto ta faɗi kalmar.

Ga abin lura. Yaro mai baki kan haɗa kalma biyu wajen shekara biyu, don kullum yana jin manya. Mai allo ma sai ya ga manya na nunawa suna faɗa, sannan zai tashi daga kalma ɗaya zuwa biyu, zuwa uku.

Saboda haka ba sai ka sayi na'ura ba. Nemi kwali a kasuwar Shinkafi, a zana fura, tulu, akuya da Inna. Kada a tsaya ga sunaye, a sa "zo", "ba ni", "ƙara" da "a'a", don da su ake ɗinke zance. Ka kuma kai shi Asibitin Tarayya na Gusau likita ya duba shi.

Allah Ya buɗe bakin yaranmu, amin. Sai mako mai zuwa.