Itatuwan Galma da Zum ɗin Kyamara

Ƴan uwa, ran kasuwar Buza da ta wuce na ari kyamarar yayana, irin mai dogon baki da ke jawo nesa kusa. Nufina in ɗauko jerin duwatsun da iyayenmu mata sunka shirya bisa tudu don tare ruwa. Tun da ga tudu ga zafin rana, sai na tsaya bakin hanya na yi ta danna zum har ya kai ƙarshe. Cikin ɗan gilashin kyamarar abin ya yi kyau. Da munka buɗe hoton a kwamfuta, wallahi ba ka bambance dutse da akuya. Wannan kunyar ce ta sa na bi tarihin abin, kuma tarihin ya maido ni gida Adar.

Zum iri biyu ne. Na fari shi ne na gilashi: madubai na motsi cikin bakin kyamara, su tattaro hasken abin da ke nesa. A 1959 ne kamfanin Voigtländer na Jamus ya fito da Zoomar, zum na fari na ƙananan kyamarori masu fim. Na biyu shi ne na dijital, wanda bai samu ba sai da hoto ya koma ɗige-ɗige. A 1975 Steven Sasson, injiniyan Kodak a Amurka, ya haɗa kyamarar dijital ta farko, mai ɗigo 10,000 kacal, baƙi da fari. Shekara 40 bayan haka, a 2015, Nikon ta fito da Coolpix P900 mai ɗigo miliyan 16 da zum na gilashi ninki 83. A 2018 P1000 ta kai ninki 125.

To, inda gilashi ya tsaya nan zum na dijital ke karɓa, amma shi ba ya jawo komi. Tsakiyar hoton yake yankewa, ya buɗa ta, ya cike giɓi da ƙiyasi. Ku yi lissafin da kanku: in ka ninka sau 2, faɗi ya ragu rabi, tsawo ya ragu rabi, ɗigo miliyan 16 sun koma miliyan 4. In ka ninka sau 4, saura miliyan 1. Kamar fura ce da anka ƙara ma ruwa: ƙwarya ta cika, amma dawon bai ƙaru ba.

Me ya haɗa wannan da ƙasarmu? A wannan shekarar ta 1975, bayan babban fari, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji sunka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don kare gonaki daga iska. A 1984, wata shekarar yunwa, anka buɗe furojen Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO, PAM na ba da abinci ladan aiki. Mata ne mafi yawan masu ɗaukar dutse, saboda maza da yawa sun tafi bida. A can wajen Maradi da Damagaram kuma manoma sunka koma barin tohon gawo da ƙalgo cikin gona maimakon sassabe shi. Duk da haka, shekara da shekaru labarin da duniya ke ji shi ne hamada na cinye Nijar.

Ɗaya daga cikin dalilan shi ne idon da ake kallonmu da shi. Tauraron ɗan Adam na Landsat, da anka harba na farkonsa a 1972, ɗigonsa guda na rufe kusan mita 80 na ƙasa. Na baya sun sauko mita 30. Itace guda a tsakiyar gona bai cika ɗigo ba. Ko ka buɗa hoton sau ɗari, murabba'i mai launin ƙasa za ka gani. Sai da Gray Tappan na hukumar USGS ta Amurka da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, tare da masu bincike ƴan Nijar, sunka nemo tsoffin hotunan jirgin sama, sunka gwada su da sababbi masu kaifi, sunka kuma taka ƙasa da ƙafarsu. Cikin hotunan da sunka fi yawo a duniya har da na Galma, nan cikin Madawa: na 1975 fili ne fetal da ƴan itatuwa jefi-jefi, na 2003 kuwa baƙin ɗigon itace ko'ina, alhali garin ma ya ƙara girma. Daga irin wannan aiki ne ƙiyasin eka mai yawa, wajen hekta miliyan 5 da sunka sake yin kore a kudancin Nijar, ya fito. Da mai ɗaukar hoton 1975 ya bar mana dishi-dishi, da ba mu da abin gwadawa.

Yanzu ma abin ya ƙara rikicewa, don na'ura ta koyi zana abin da ba ta gani ba. A 2023 wani ya dusashe hoton wata da gangan a kwamfuta, ya ɗauke shi da wayar Samsung, sai ga hoto ya fito da ramukan wata tsaf. Wata dai kowa ya san kamanninsa. Amma fuskar kakarka fa, ko rubutun da ke jikin tsohon dam na Keita? In na'ura ta cike su da ƙiyasi, wa zai gane nan da shekara 50?

Mu da muka ce za mu rubuta tarihin garuruwanmu, shawarata kaɗan ce. Shiga saitin kyamara ka kashe zum na dijital. In zum ya yi tsawo, ɗora kyamarar bisa dutse ko katanga, don rawar hannu na ninkuwa tare da shi. Ajiye hoton na asali, kada ka dogara ga wanda ya bi ta WhatsApp, matse shi ake yi. Rubuta rana da sunan wuri. In kuwa yanka kake so, yanka daga baya, asalin na nan.

Ni dai na koma tudun nan, wannan karon da ƙafa. A bisa na iske wata tsohuwa na kiwo. Na gaishe ta, na ce, "Inna, wa ya jera duwatsun nan?" Ta yi dariya, ta nuna mini kanta, inda gammo ya zauna shekaru.