Yadda ƙarancin kuɗi ya ɗaura wa Fred Flintstone laktaye

A 1957 kamfanin finafinai na MGM da ke Amurka ya rufe sashensa na katun. Lissafin shugabanninsa shi ne, tunda tsofaffin finafinai suna kawo kuɗi in an sake haska su a silima, babu dalilin ci gaba da biyan masu zane albashi. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da William Hanna da Joseph Barbera, mutanen da suka ƙirƙiro Tom and Jerry a 1940. Kyanwar nan da ɓeranta sun ciyo wa MGM lambar yabo ta Oscar sau bakwai, amma hakan bai hana a sallame su ba.

Sai suka buɗe nasu kamfanin, suka nufi talabijin. A can suka tarar da wata duniya dabam. Gajeren fim ɗin Tom and Jerry na minti bakwai yakan ci dala dubu talatin da ɗoriya. Shirinsu na farko a tashar NBC kuwa, Ruff and Reddy, wanda ya fara a Disamban 1957, kimanin dala 3,000 ake ba su a kan kowane yanki na minti biyar.

Dole ta sa suka sake dabara. Fim yana gudu ne da hoto 24 a kowace daƙiƙa, kuma a silima akan sake zana jikin ɗan wasa gaba ɗaya sau da yawa domin motsi ya fito sumul. Su kuwa sai suka yanyanka jikin. Gangar jiki tana kan farar roba ɗaya da ake ganin abu ta cikinta, ba a taɓa ta. Kai yana kan wata, baki da idanu a kan wata. In ɗan wasa yana magana, bakin kaɗai ake sake zanawa. Matsalar ita ce wurin da kai ya haɗu da jiki, domin a nan ɗinkin yake bayyana. Shi ya sa ɗan wasansu Yogi Bear, dabbar daji da ba ta sa riga, yake yawo da kwala da laktaye. Fred Flintstone ma, mutumin zamanin dutse, da laktayensa, matarsa Wilma kuma da sarƙar duwatsu a wuya. Haka bangon baya: Fred zai sheƙa da gudu cikin falonsa, ya wuce taga ɗaya da kujera ɗaya sau biyar, domin zane guda ake ta maimaitawa.

Da motsi ya ragu, sai nauyin ban dariya ya koma kan baki. Tom da Jerry ba sa bukatar magana, duka da tsere sun ishe su. 'Yan wasan talabijin kuwa da gatse da gardama da zolaya suke cin abinci. Tsofaffin masu zanen silima sun raina abin, suna ganin wasan rediyo ne kawai aka manna wa hoto. Akwai ƙamshin gaskiya a sukar, sai dai wannan salon ne ya buɗe ƙofar barkwancin da yaro mai wayo da mahaifinsa za su zauna su yi dariya tare.

Ranar 30 ga Satumba, 1960, tashar ABC ta fara nuna The Flintstones da daddare, lokacin da manya ke gaban akwati. Labarin Fred ne, ma'aikacin fasa dutse a garin Bedrock, mai saurin fushi da buri, da maƙwabcinsa Barney Rubble. Motarsu da ƙafa ake tura ta, ɗan giwa ne ke share ɗaki da hancinsa, bakin tsuntsu kuma shi ne allurar garmaho. Ba don yara aka fara yin sa ba, shaida kuwa ita ce kamfanin taba sigari na Winston yana cikin masu ɗaukar nauyinsa, har aka nuna Fred da Barney suna busa hayaƙi a talla. Bayan an haifi jaririyar Fred, Pebbles, a 1963, sai masu lemon inabi na Welch's suka shigo, shirin ya ƙara karkata ga iyali.

Muhimmancin murya ya fito fili a 1961, lokacin da Mel Blanc, mai muryar Barney, ya yi mummunan haɗarin mota. Daws Butler ya riƙe masa na ɗan lokaci, daga baya aka kai na'urar ɗaukar murya har gefen gadonsa, abokan aiki suka kewaye shi, yana kwance cikin filasta yana karanta nasa layin.

Shirin ya ƙare a 1966 da kashi 166. Daga nan kamfanin ya mayar da hankali kan safiyar Asabar, lokacin yara, inda Scooby-Doo ya bayyana a 1969. A 1991 Ted Turner ya sayi kamfanin nasu, Hanna-Barbera, ya kafa tashar Cartoon Network a 1992 da tarin tsofaffin shirye-shiryensa, kuma daga ɗakunan zanen kamfanin ne Dexter's Laboratory da Johnny Bravo da The Powerpuff Girls suka fito. Matsayin The Flintstones na katun ɗin dare mafi yawan kashi ya tsaya shekara talatin, sai a 1997 The Simpsons ya wuce shi.