GARA: DAGA TURMIN GWAGGO ZUWA SHAGON ƊAN KASUWA

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kayan masarufi suka yi tashin gwauron zabi, maganar gara ta ƙi barin bakin mutane. Duk bayan kwana biyu sai ka ga wani ya rubuta cewa a soke ta kawai, zalunci ce ga iyayen amarya. Malamai ma sun faɗa, kuma gaskiyarsu ne: sadaki addini ya wajabta, ciyar da mace kuma nauyin mijinta ne. Ban musa ba. Amma jama'a, kafin mu yi wa gara jana'iza ya kamata mu san wacce muke nufi, domin abin da ake lodawa a motar a-kori-kura yau ba shi ne abin da iyayenmu suke kira gara a Dingaya ba.

Sunayen kayan ma kaɗai tarihi ne. Alkama daga Larabci muka aro kalmar, haka sukari, haka gurasa, haka alkaki. Har gobe a Libiya da Tunisiya ana soya wani abu mai kama da dubulan, ana tsoma shi a ruwan sukari, suna ce masa dabla. Ba abin mamaki ba ne, tunda fataken Ghadames da Tarabulus sun daɗe zaune a cikin birnin Kano, da iyalansu da girkinsu. To amma alkama ba abincin talaka ba ce a wancan zamani. Sai da rani ake noma ta, a ɗan fili bakin fadama, da ban ruwa na hannu. Shi ya sa alkaki ya zama abin fita kunya, abin gidan sarauta da na attajirai. Da ya iso ƙauyuka irin namu na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu, da darajarsa ya iso. Ba a yin sa sai da dalili.

Ni na tashi a ƙarshen shekarun 1980, muna cikin Jihar Kano tukuna, don sai 27 ga Agusta, 1991 aka yanke mana Jigawa. Garar da na buɗe ido na gani kusan duk daga rumbu da tsakar gida take fitowa: gero, dawa, shinkafar gida, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, barkono, man shanu a ƙwarya, man gyaɗa da matan gidan suka matse da hannunsu. Abin da ake zuwa saye kasuwar Sara bai wuce gishiri da kanwa da kayan ƙamshi ba, sai sukari ko mazarƙwaila idan zuma ta yi wuya.

Sai nakiya, wadda a wurina ita ce uwar gara. A jiƙa shinkafa, a tsane ta, a daka, a tankaɗe, a soya garin sama-sama, a zuba citta da kanumfari da masoro, sannan a kirɓa a turmi da zuma da man shanu har ta kama jikinta. Mata uku kan turmi ɗaya, ana luguden taɓarya, mu yara muna gefe muna jiran a kankare mana gindin turmi. Nakiya mai kyau sai ta yi watanni ba ta canja ba. Alkaki ma haka: a ɓarza alkama, a kwaɓa da ɗan tsami a bar shi ya kwana, a murza, a naɗe, a soya, a tsoma a zuma. Wata gwaggona ita ce gwanar naɗi a danginmu, kuma ba ta yarda yarinya ta taɓa kwaɓin sai ta ga hannunta a wanke har gwiwar hannu.

Ku lura da abin da ya haɗa kayan nan: duk masu jure ajiya ne. Yarinya ce ƙarama za a kai gidan da ba ta saba ba, babu firji, babu shago a ƙofar gida, ga kunya ba za ta iya buɗe baki ta ce tana jin yunwa ba. Gara guzurinta ce. Da ita take tarbar baƙi, da ita take aika wa uwar miji da facaloli a faifai, ta sayi fuska a gidan. In ta haihu a sake kawo wata, saboda jego.

Kayan ɗakin ma aikin hannu ne. Tabarmar kaba, faifai mai rini, ƙwarya da aka yi wa zane, ludayi, akushi, randa daga wurin maginan tukwane, gwado daga masaƙa. Shi kansa lefe da muke ta faɗa a kai, asalinsa sunan ɗan kwandon kaba ne da mata ke zuba auduga da mazari. A ciki ake sa 'yan zannuwan amarya. Yau lefe ya zama akwati shida, wasu goma sha biyu, har da makullin mota a gidajen da suka isa.

Ta yaya talaka yake iya duk wannan? Ba shi kaɗai yake yi ba. Akwai biki, ba shagalin ba, wato gudummawar da mace ke kai wa 'yar'uwarta ko ƙawarta, ita ma a rama mata da ƙari ranar nata. Wanda ya karanta littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar aka buga a 1954, zai ga yadda ƙawance da irin wannan musayar kyauta suka riƙe rayuwar matan ƙasar Zazzau. Mu ma haka abin yake. Mahaifiyata ba ta yi boko ba, amma ta san mudun gero nawa ta kai gidan wance shekara bakwai da suka wuce, kuma ba ta taɓa kuskuren lissafi ba. Uwa kuma tun 'yarta na tallan ƙuli-ƙuli take tara mata kwano ɗaya-ɗaya.

Canjin a hankali ya shigo. Kwanon sha da kwalla suka ture ƙwarya, musamman da 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsu a Najeriya wajen shekarun 1960. Cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta karya nomanta a Arewa, man gyaɗa ya fara zama abin saye. Kuɗin fetur ya kawo fulawa mai arha daga alkamar waje, sai cincin da dubulan da kek suka samu wuri, don sun fi alkaki sauƙin yi. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina dam ɗin Tiga, aka yi ta noman alkama a Kadawa, Babangida ma ya hana shigo da ita a 1987, amma hanin bai wuce 'yan shekaru ba aka janye. Har yau mafi yawan alkamar da muke ci daga waje take zuwa, da dala ake sayenta. Shi ya sa yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da faɗuwar naira a 2023 suka shigo har cikin kaskon suyar matan Dingaya.

Daga nan gara ta tashi daga aikin dangi ta koma lissafin mutum ɗaya. Buhun shinkafa, buhun fulawa, buhun sukari, katan na taliya, jarkar mai, duk a wuyan uban amarya. Mu ma'aikata mun san zancen, don a ofis muke ganin abokan aiki na neman rance ana saura wata guda biki. Na san wanda ya sayar da gonar gado saboda kada dangin miji su ce an kawo 'yarsa hannu rabbana. Mafi ciwo, yanzu har ƙirgawa ake yi, a ɗauki hoto a watsa. Wannan garar, wallahi, ko yau aka soke ta ba zan yi kuka ba.

Abin da nake jin tsoro shi ne a haɗa da ɗayar a zubar. A Birnin Kudu da Gwaram akwai zawarawa da matan aure da alkaki da nakiya da saƙar faifai ne ke biya musu kuɗin makarantar yara, kuma lokacin aure da Sallah ne kasuwarsu. In an ce babu gara kwata-kwata, mai shagon buhuna zai samu wasu masu saye, ita kuwa mai turmi shi ke nan. Ga kuma alkama ana ta nomawa yanzu a fadamun Haɗeja, a jiharmu, ba sai an jira jirgin ruwa ba.

A gidanmu dai mun zauna kan auren 'yar yayana da za a yi bayan Sallah. Mun gaya wa dangin ango tun wuri cewa babu buhu ko ɗaya. Za a kai nakiya, alkaki, daddawa, man shanu da faifai biyu da kakarta ta saƙa. Wasu cikin matan gidan ba su ji daɗi ba, suna tsoron gori, kuma har yanzu ana kai ruwa rana da su. Gwaggo kuwa, da ƙafa ta hana ta tsayuwa kan turmi, ta ce a kawo mata jikokin ranar kwaɓi, tana zaune za ta nuna musu naɗin.