BABI NA BIYU: TARIHIN MA'AUNIN ZAƁEN ABOKIN AURE A ƘASAR ƊANBATTA

2.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi abubuwan da mutanen ƙasar Ɗanbatta suke la'akari da su wajen zaɓen miji ko mata, da yadda suka yi ta sauyawa tun daga zamanin Jihadi. Manufar ita ce a nuna cewa yawancin hukuncin da ake yanke wa manemi tun kafin a san halinsa, tarihi ne ya haife shi, ba shari'a ba.

2.1 Zamanin Asali

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya sauya tsarin mulki a ƙasar Kano. Zuriyar Malam Dabon Dambazau, wato Dambazawa, ita ta riƙe sarautar Sarkin Bai, kuma bayan Turawa sun ci Kano a 1903, Ɗanbatta ta zama mazaunin wannan hakimi. A wancan lokaci iyaye ke yi wa 'ya'yansu zaɓi, abin da ake fara bincike kuwa shi ne asali. Gidan sarauta yakan nemi gidan sarauta ko na malamai, manomi kuma yakan ba ɗan ɗan'uwansa 'yarsa don kada gonar gado ta fita daga dangi. Dalilin da ake kafawa shi ne ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

Wannan tsari ya fi cutar da rukuni biyu. Na farko su ne masu sana'o'in gado da ake ƙasƙantarwa, kamar mahauta da makaɗa da maroƙa. M. G. Smith ya nuna a 1959 cewa waɗannan ne Bahaushe yake ajiyewa a ƙasan matakan daraja. Na biyu su ne zuriyar bayi. Duk da cewa Turawa sun 'yanta duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na 1901, sannan suka haramta bauta gaba ɗaya a 1936, gorin asali bai bi dokar ya tafi ba. Abin lura a nan shi ne, a mazhabar Malikiyya wadda jama'ar yankin suke bi, abin da aka fi dubawa wajen dacewar ma'aurata shi ne addini da kuɓuta daga aibin da ke hana zaman aure. Sana'ar kakan mutum ba ta cikin sharuɗɗan.

2.2 Zamanin Kuɗi da Boko

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta haɓaka cinikin gyaɗa, kuɗi suka shiga hannun talaka. Saurayin da ya sayar da gyaɗarsa, ko ya yi dillancin dabbobi a kasuwar Ɗanbatta, yana iya yin toshi da kayan lefe ba tare da jiran mahaifinsa ba. Ta haka wadata ta fara gogayya da asali.

Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kawo wani sabon ma'auni tare da nasa zargin. Wasu suna ganin 'yar boko ba ta da kunya kuma ba ta iya zaman aure, wasu samarin kuma suna guje wa wadda ba ta shiga aji ba. Littattafan soyayya na Kano sun ɗauki wannan muhawara. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990) ya taɓo auren dole da ilimin mata, shi kuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) ya ginu ne a kan soyayyar 'yar mai kuɗi da ɗan talaka.

2.3 Zamanin Gwajin Lafiya

A 2024 gwamnatin Jihar Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaura aure, har da gwajin jini don kauce wa haihuwar masu amosanin jini. Wannan ma'auni ya bambanta da na baya, domin sakamakon asibiti ne hujjarsa, kuma yana hawa kan ɗan sarki kamar yadda yake hawa kan ɗan mahauci.

2.4 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, za a ga cewa kowane zamani ya zo da nasa ma'auni, amma sabo bai kori tsoho ba. Har yanzu akan sami saurayi mai ilimi da sana'a da lafiya, a hana shi aure idan bincike ya kai ga sana'ar kakansa. Babi na gaba zai dubi yadda ake gudanar da wannan bincike na asali da kuma waɗanda ake ɗora wa alhakinsa.