Abin da ya kamata ku sani kan lasisin tuƙin Najeriya da Nijar a Birtaniya

Mutumin da ya shafe shekara 20 yana tuƙi tsakanin Kano da Kaduna, idan ya tare a unguwar Moss Side da ke Manchester ko Small Heath da ke Birmingham, wata 12 kacal dokar Birtaniya ta ba shi ya tuƙa mota da lasisin da ya zo da shi daga gida.

Ranar da wa'adin ya cika kuwa, ya koma ɗan koyo a idon hukuma, komai ƙwarewarsa.

Da yawa daga cikin sababbin zuwa suna tsammanin akwai ofishin da za su miƙa lasisinsu na gida a musanya musu da na Birtaniya. Akwai wannan tsari, amma bai haɗa da Najeriya ko Nijar ko Ghana ko Kamaru ba. Wanda ya fito daga waɗannan ƙasashe sai ya yi jarrabawar tuƙi daga farko.

Batun ya ƙara muhimmanci tun daga watan Fabrairun 2022, lokacin da Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya, 'yan Najeriya da dama suka shigo ta wannan hanya. Mai bi gida-gida yana kula da mutane, mota ce ƙafarsa. Idan ya rasa ikon tuƙi, aikin kansa na iya shiga hatsari.

Su wa aka yarda su musanya?

Hukumar DVLA, wadda hedikwatarta ke Swansea a yankin Wales, ita ce ke bayar da lasisin tuƙi a Ingila da Scotland da Wales. Ireland ta Arewa tana da tata hukumar daban. Lasisin ƙasashen waje ya kasu gida uku a wajenta.

Kashi na farko shi ne na ƙasashen Tarayyar Turai. Wanda ya ci jarrabawar tuƙin ƙaramar mota a Jamus ko Italiya ko Faransa zai iya ci gaba da amfani da lasisinsa har ya kai shekara 70, kuma zai iya musanya shi idan ya ga dama.

Kashi na biyu shi ne na wasu ƙasashe da yankuna sama da 20 da Birtaniya ta amince da tsarin jarrabawarsu. A cikinsu akwai Kanada da Ostareliya da New Zealand da Japan da Koriya ta Kudu da Singapore da Switzerland. A 2021 aka ƙara Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Ukraine da Taiwan da wasu. A duk faɗin Afirka, ƙasashe biyu ne kawai a jerin: Afirka ta Kudu da Zimbabwe. Saudiyya ma ba ta ciki.

Mai lasisin ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe zai yi tuƙi da shi na wata 12, kuma yana da shekara biyar daga ranar da ya fara zama don ya musanya ba tare da jarrabawa ba. Zai cike fom mai lamba D1, ya biya fam 43, ya aika da ainihin lasisin zuwa Swansea. Ba a dawo masa da tsohon.

Kashi na uku shi ne sauran ƙasashen duniya, kuma a nan lasisin hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, ya faɗo tare da na maƙwabtanta.

Wasu na zaton dalilin shi ne a Najeriya ana bin hannun dama, a Birtaniya kuma hagu. Gaskiya ne Najeriya ta bar hagu ta koma dama a ranar 2 ga Afrilun 1972, Ghana kuma ta bi sahu a 1974. Sai dai Kanada da Switzerland ma dama suke bi, amma suna cikin jerin. Abin da Birtaniya ke dubawa shi ne ko jarrabawar ƙasa da yadda take bayar da lasisi sun yi daidai da nata.

Wanda ya biyo ta wata ƙasa fa?

Akwai Hausawan Ghana da Najeriya da suka zauna a Italiya ko Sifaniya ko Dubai kafin su ƙaraso Manchester da Birmingham. Tambayar da hukuma za ta yi musu ita ce, a ina suka ci jarrabawar?

Idan mutum ya zauna ya ci jarrabawa a Italiya, lasisinsa na Turai ne cikakke. Idan kuwa ya samu lasisin Turai ne ta hanyar musanya na wata ƙasar da ba ta cikin jerin Birtaniya, to wata 12 ne nasa kamar kowa, kuma ba za a musanya masa ba.

Yaya ake lissafin wata 12?

Ana fara ƙirga wa ne daga ranar da mutum ya zama mazaunin Birtaniya, ba daga ranar da ya sayi mota ko ya fara tuƙi ba. Wanda ya sauka a watan Janairu, ya sayi mota a watan Satumba, wata huɗu ne suka rage masa.

Zuwa gida hutun Sallah a dawo ba ya sabunta wa'adin ga wanda yake zaune a ƙasar. Haka ma sabunta lasisin a Abuja ko Yamai. Takardar tuƙi ta ƙasa da ƙasa da wasu ke yankowa kafin su taso ita ma ba ta ƙara ko kwana ɗaya, domin rakiya ce kawai ga lasisin gida.

A cikin wata 12 ɗin ma, dole ne lasisin ya kasance bai ƙare aiki ba, kuma ƙananan motoci kawai ya halatta: waɗanda ba su wuce nauyin tan 3.5 ba, kuma ba su ɗaukar fasinja fiye da takwas.

Matakai uku

Matakin farko shi ne neman lasisin koyo daga DVLA. A farashin 2025, fam 34 ne ta intanet, fam 43 ta gidan waya. Ana buƙatar shaidar ko wane ne mutum, da izinin zama a ƙasar na aƙalla kwana 185, da kuma iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, ko da tabarau ne.

Wanda ya karɓi lasisin koyo a cikin wata 12 ɗinsa zai ci gaba da tuƙi shi kaɗai da lasisin gida har wa'adin ya cika. Karɓarsa da wuri ba ya rage masa komai.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar ƙa'idojin hanya da ake yi a kwamfuta, wadda wata hukumar, DVSA, ke shiryawa a kan fam 23. Akwai tambayoyi 50 cikin minti 57, kuma sai an ci 43. Daga nan sai a nuna bidiyo 14 na tuƙi, mutum ya riƙa danna maɓalli da zarar ya hango hatsari na tasowa. A nan ana neman maki 44 cikin 75. Dole a ci ɓangarorin biyu a zama ɗaya, kuma sakamakon na aiki ne na shekara biyu.

Tun watan Afrilun 2014 aka daina yarda da tafinta, don haka da Turanci ko harshen Wales ake yi. Wanda ya taso da Faransanci, kamar mutanen Maraɗi da Damagaram, yana buƙatar ƙarin lokacin shiri.

Mataki na uku shi ne jarrabawar tuƙi a kan hanya: fam 62 a ranakun aiki, fam 75 da yamma ko a ƙarshen mako. Tana ɗaukar kimanin minti 40. Za a gwada ido, a yi tambayoyi biyu kan lafiyar mota, a sa mutum ya yi ribas ko fakin, sannan ya yi aƙalla minti 20 yana tuƙi da kansa, yawanci yana bin na'urar nuna hanya. An yafe ƙananan kurakurai har 15, amma babban kuskure ɗaya ya isa ya kayar da mutum. Kimanin rabin masu shiga jarrabawar ne ke cin ta.

Wanda ya ci da mota otomatik, otomatik kawai zai tuƙa. Wanda ya ci da mai giyar hannu, duka biyun sun halatta masa.

Jimillar kuɗin hukuma ga wanda ya ci komai a karon farko fam 119 ne. Kuɗin darasi ne ke cin aljihu. Malamin tuƙi mai cikakkiyar rajista yana liƙa koren kati a gilashin gaban motarsa, wanda ke kan horo kuma kati ruwan hoda. Karɓar kuɗin koyar da tuƙi ba tare da ɗayansu ba laifi ne.

Dogon layin jarrabawa

Abin da ke cinye wa'adin mutane da yawa shi ne jira. Tun bayan annobar korona layin jarrabawar tuƙi ya yi tsawo, har a 2025 matsakaicin jira ya haura mako 20. Ba a kuma iya kama rana sai an ci jarrabawar kwamfuta.

Cibiyoyi irin su West Didsbury da Cheetham Hill da Sale, waɗanda mazauna Moss Side suka fi zuwa, ko Kings Heath da South Yardley da Garretts Green a Birmingham, suna cikin birane masu cunkoso. Idan mutum ya jira wata biyar ya faɗi, sai ya sake shiga layi, kuma doka ta hana a sake gwadawa kafin kwana 10 na aiki.

Lissafin a bayyane yake. Wanda ya fara neman lasisin koyo a watansa na takwas, da wuya ya samu ko zama ɗaya kafin wa'adinsa ya cika. Wanda ya fara a watan farko yana iya samun dama biyu.

Tsawon layin ya haifar da 'yan kasuwar bayan fage da ke kame ranaku suna sayarwa da tsada a WhatsApp da Facebook. Shafin gwamnati na GOV.UK ne kawai wurin kama rana a farashin hukuma. Sa wani ya zauna wa mutum jarrabawa kuwa laifi ne da ake ɗaure mutane a kansa.

Me ke kayar da tsofaffin direbobi?

Ba rashin iya riƙe sitiyari ba ne, sabo ne. Alƙaluman DVSA sun daɗe suna nuna cewa rashin dubawa da kyau a mahaɗar hanya da rashin duba madubi kafin a sauya hannu su ne kan gaba wajen kayar da mutane.

A shataletale, wanda ya taho daga dama ne ke da hanya. Gudu kuma da mil ake auna shi: mil 30 a cikin gari, wato wajen kilomita 48, kuma tituna da dama na cikin unguwanni an mayar da su mil 20. Tun 29 ga Janairun 2022, direban da zai karya kwana ana so ya dakata wa mai tafiya a ƙasa da ke tsallakawa ko yake jiran tsallakawa. Hon kuma na gargaɗi ne kawai, ba na gaisuwa ko neman hanya ba.

Saboda haka ko tsohon direba yana amfana da 'yan darussa, domin idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Idan wa'adi ya cika ba a ci ba

Daga wannan rana sharuɗɗan ɗan koyo sun hau kan mutum. Zai liƙa jan harafin L a gaba da bayan mota, kuma ba zai yi tuƙi ba sai da wani a gefensa wanda ya haura shekara 21, yake da cikakken lasisin Birtaniya ko na Turai na aƙalla shekara uku. Ɗan'uwa mai lasisin Najeriya bai cika wannan sharaɗi ba, haka ma maigidan da ya ci jarrabawa bara yake son raka uwargida.

Manyan hanyoyin gudu masu shuɗin allo ma sun haramta gare shi, sai tare da malami mai rajista a motar koyo mai birki biyu. Wannan ya haɗa da Mancunian Way da ke dab da Moss Side, da Aston Expressway da ke shiga tsakiyar Birmingham.

Wanda aka kama yana tuƙi shi kaɗai zai iya fuskantar tarar da ta kai fam 1,000 da makin laifi uku zuwa shida. Inshorarsa ma tana iya zama ba ta aiki, tunda an yanke ta ne bisa sharaɗin yana da lasisi mai inganci. Tuƙi ba inshora tararsa fam 300 ce da maki shida, ko fiye idan aka je kotu, kuma 'yan sanda na da ikon kama motar nan take. Idan aka yi hatsari a wannan hali, kamfanin inshora na iya bin direban kuɗin diyyar da ya biya.

Bayan an ci

Ana iya fara tuƙi nan take da takardar shaidar da mai jarrabawa ya bayar, kafin katin ya iso ta gidan waya. Sai dai a ƙarƙashin wata doka ta 1995, duk wanda ya tara maki shida cikin shekara biyun farko za a soke lasisinsa, ya koma ya sake jarrabawa biyun. Riƙe waya a hannu ana tuƙi, sau ɗaya tak, maki shida ne da tarar fam 200.

Masu niyyar aikin tasi su ma su sani cewa doka ta buƙaci a riƙe cikakken lasisi na aƙalla wata 12 kafin majalisar birni ta ba da izinin ɗaukar fasinja, wasu majalisun kuma na neman fiye da haka. Kowane wata da aka ɓata kafin a fara neman lasisin koyo, ƙari ne a kan wannan jira.