Mitar Gwajin Ruwa: Yadda Ake Kula Da Ita, Da Abin Da Ba Ta Gani

Ranar 10 ga Satumba 2024 ruwan madatsar Alau ya shigo Maiduguri, ya cika rijiyoyi ya haɗe da na masai. A watan Oktoba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara. Daga nan mu 'yan Moduganari muka fara maida hankali kan 'yan na'urorin da ma'aikatan lafiya ke tsomawa a ruwan burtsatse. 'Yan uwa masu sana'ar ruwa a Agege, Idi Araba da Sabon Ibadan, wannan bayanin naku ne, don mitar da ba a kula da ita ƙarya take yi, kuma jama'a ne za su sha ƙaryar.

Mitar TDS

Kamar biro take. Tana auna gishiri da ma'adinan da suka narke a ruwa. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta ce kada su wuce 500. Amma fa a sani, ba ta ganin ƙwayar cuta. Ruwa zai iya nuna 80 alhali kwalara na ciki.

In lamba tana rawa, fara duba batir. Sannan ka girgiza ta cikin ruwan, don kumfar iska kan maƙale a ƙarafan bakinta. Bayan kowane gwaji a ɗauraye da ruwan distil a bar ta ta bushe. Ana saita ta da ruwan gwaji mai sanannen adadi, galibi 342. In ba ta nuna hakan ba, saitinta ya goce.

Mitar pH

Ita ke nuna ko ruwa ya yi tsami ko ya yi kanwa-kanwa. Abin da ake so shi ne 6.5 zuwa 8.5. Wannan ta fi kowacce shagwaɓa, saboda gilashin bakinta ba ya son bushewa. A zuba ruwan ajiyarta a murfi kafin a rufe. Kada a ajiye ta cikin ruwan distil, yana kashe ta. Kada kuma a goge gilashin da tsumma.

Masu araha suna zuwa da ƙullin gari na 6.86 da 4.01, kowanne ana narkar da shi a ruwan distil mililita 250. A fara da na 6.86. Mai aiki da ita kullum ya saita ta ko da sau ɗaya ne a mako. In ta bushe, a jiƙa ta wasu awanni a ruwan ajiya. In an saita ta ƙi, ko tana jan lokaci kafin lamba ta tsaya, bakin ya tsufa. Dama shekara ɗaya zuwa biyu yake yi.

Gwajin kulorin

Lokacin annoba wannan ya fi muhimmanci. 'Yar roba ce mai jerin launuka, ana jefa ƙwayar DPD 1 a ciki, ruwan ya koma ja-ja. A jira minti 30 bayan zuba kulorin kafin a gwada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a lokacin ya kai 0.5, kuma kada ya gaza 0.2 sa'ad da ya isa ga mai sha.

A duba launin nan take, a hasken rana, ba ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Kada a taɓa ƙwayar da yatsa. Wadda ta yi ɗigo-ɗigo ko ta farfashe a zubar. In launin ya fito ya ɓace nan da nan kuma ruwan na warin kulorin, yawa ya yi, ba wai babu ba. A surka da ruwa mai tsabta a sake gwadawa. Ruwa mai laka kuwa cinye kulorin yake, sai an bar shi ya kwanta an tace tukuna.

Ajiya

Zafi da danshi ne maƙiyansu. Kada a bar su a mota ko a rana. In za a daɗe ba a yi amfani da su ba, a cire batir. A samu littafi a riƙa rubuta rana da lambar da aka gani, ta haka ake gane ranar da ruwa ko mita ya canza.

Gano ƙwayar cuta kuwa sai ɗakin gwaji, kuma sakamakon yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu. Mai sayar wa jama'a ruwa ya riƙa kai samfur, musamman da damina ko bayan ambaliya. Allah Ya kare mu da iyalanmu.