MUTUMIN DA YA YI FIM ƊIN JAMES BOND YANA KAN HANYAR MUTUWA

Tun watan Fabrairun 2025 da kamfanin Amazon ya karɓi ragamar finafinan James Bond daga hannun iyalan Broccoli, musu ɗaya ake ta yi a kafafen nan: wa zai zama sabon 007? To ku bari mu koma baya shekara sittin da ɗoriya, zuwa fim na biyu a jerin, From Russia with Love na 1963. Da yawa daga cikin masu sharhi na ganin har yau ba a yi wanda ya fi shi ba, ni ma ina tare da su. Amma abin da ya faru a bayan kyamara ya fi abin da aka nuna a majigi nauyi.

Littafin da aka ciro labarin na Ian Fleming ne, ya fito a 1957. Fleming ba baƙon harkar ba ne, ya yi aiki a sashen leƙen asirin sojan ruwan Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A watan Maris na 1961 mujallar Life ta buga jerin littattafai goma da Shugaban Amurka John Kennedy ya fi so, sai ga wannan littafi a ciki. Kasuwarsa ta buɗe nan take. Don haka da fim na farko, Dr. No, ya ci riba, furodusoshin Albert Broccoli da Harry Saltzman ba su yi wata-wata ba wajen zaɓar na gaba. Aka ninka musu kuɗi, daga kusan dala miliyan ɗaya zuwa miliyan biyu.

Sai dai lokacin na tsoro ne. A watan Oktoban 1962 saura ƙiris Amurka da Tarayyar Sobiyet su jefi juna da nukiliya a kan Kuba. A littafin, masu kitsa makircin hukumar leƙen asirin Sobiyet ce mai suna SMERSH. A fim sai aka sauya, aka ɗora laifin a kan wata ƙungiyar 'yan ta'adda ta ƙirƙira, SPECTRE, wadda ke haɗa Ingila da Rasha faɗa tana cin riba a tsakani. Wato dai 'yan kasuwa ne, ba sa son rigimar siyasa ta taɓa musu aljihu.

An fara ɗauka a watan Afrilun 1963 a situdiyon Pinewood kusa da Landan, sannan aka tafi Santambul. Daga nan matsaloli suka dinga zuwa kamar an aiko su. Tseren kwalekwale da aka shirya ɗauka a Turkiyya ya gagara, aka mayar da shi Sikotland. A can ma, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da darakta Terence Young ya faɗa cikin ruwa ya nitse, aka ciro su da rai, kuma a ranar ya koma bakin aiki. Wutar da aka kunna a kan ruwa don fitowar ƙarshen tseren kwalekwalen ta fi ƙarfin masu ita, ta ƙona wasu daga cikin masu wasan kasada. Jarumar fim ɗin, Daniela Bianchi 'yar Italiya, direbanta ya yi gyangyaɗi da sassafe suka yi haɗari, fuskarta ta kumbura, dole aka jira ta warke. Har ɓeraye sai da suka ba da wahala: dokar Ingila ba ta yarda a yi aiki da ɓerayen daji ba, aka shafa wa fararen ɓerayen ɗakin gwaji garin cakulan don su yi duhu, su kuwa suka zauna suna lashe jikinsu. A ƙarshe sai Madrid aka je aka ɗauki wannan fitowar.

Duk waɗannan labaran dariya ne idan an tsira. Na Pedro Armendáriz ba na dariya ba ne.

Wanda ya kalli fim ɗin zai tuna Kerim Bey, wakilin leƙen asirin Birtaniya a Santambul. Dattijon nan mai gashin baki da fara'a, wanda duk ma'aikatansa 'ya'yansa ne, daga direba har mai kawo shayi, saboda a wannan sana'a jini kawai ya yarda da shi. Shi ne mai ba da dariya a fim ɗin, shi ne kuma mutum ɗaya da za ka ji Bond ya ɗauka aboki da gaske. Wanda ya taka rawar ba Baturke ba ne, ɗan Meziko ne, kuma babban tauraro a ƙasarsa tun shekarun 1940. Ya yi finafinan kaboyi a Amurka tare da John Wayne a ƙarƙashin darakta John Ford.

Ana cikin aiki a Santambul aka gano yana da ciwon daji wanda ya riga ya ci jiki, ba magani. Abin da aka saba a irin wannan hali shi ne a sallami mutum a nemo wani, a sake ɗaukar fitowarsa. Armendáriz ya ƙi. Yana so ya ƙarasa aikin a biya shi, ya bar wa iyalinsa abin da za su riƙe. Young ya amince. Aka tattara aka koma Pinewood, aka birkita tsarin aikin gaba ɗaya, aka jawo duk fitowarsa gaba aka ɗauke a gurguje tun yana iya tsayuwa. Ku sake kallon fim ɗin da kyau, za ku ga wuraren da yake ɗingishi. Ba wasan kwaikwayo ba ne. Da jiki ya ƙi gaba ɗaya, sai wani ya sa kayansa a ɗauko shi daga nesa, wani lokacin ma daraktan da kansa.

Daga nan aka kai shi asibitin jami'ar UCLA a Los Angeles. Ranar 18 ga Yunin 1963 ya harbe kansa da bindigar da ya shigo da ita a ɓoye. Shekararsa 51. Allah Ya raba mu da mummunan ƙarshe. Saura kusan wata huɗu a fara nuna fim ɗin, bai taɓa ganinsa ba.

Ina ciwon ya samo asali? Nan ne labarin ya sake komawa kan yaƙin cacar bakan da furodusoshi suka yi ta kauce wa. A 1954 Armendáriz ya yi wani fim, The Conqueror, wanda attajiri Howard Hughes ya ɗauki nauyi, John Wayne ya fito a matsayin Genghis Khan. An ɗauke shi a hamadar jihar Utah kusa da garin St. George, inda iska ke kwaso ƙura daga filin gwajin nukiliyar Amurka da ke Nevada. A 1953 kaɗai an tayar da bama-bamai 11 a sararin wannan fili. Makonni suka yi suna sukuwa da dawakai a cikin wannan ƙura, kuma don a ƙarasa aiki a Hollywood launin ƙasa bai bambanta ba, aka yi lodin tan 60 na ƙasar wurin aka kai situdiyo. A 1980 mujallar People ta ƙirga: cikin mutum 220 da suka yi aikin, 91 sun kamu da ciwon daji, 46 sun mutu. Daraktan, Dick Powell, ya riga Armendáriz da wata biyar. Susan Hayward ta bi a 1975, John Wayne a 1979.

A yi adalci fa, masana sun yi saɓani a kan wannan lissafi. Wasu sun ce mutanen wancan zamani mashaya taba ne na fitar hankali, Wayne kansa kwali-kwali yake zuƙa a rana, kuma adadin bai yi nisa sosai da na sauran jama'a ba. Babu likitan da zai rantse cewa ƙurar Utah ce ta kashe wane. Amma mazauna yankin, waɗanda ba taurari ba ne, sun yi shekaru suna ƙorafi, har a 1990 majalisar Amurka ta yi dokar biyan diyya ga waɗanda ƙurar gwaje-gwajen ta shafa. Gwamnati ba ta biyan diyya a kan abin da bai faru ba.

An fara nuna From Russia with Love a Landan ranar 10 ga Oktoban 1963, ya kuma tara kusan dala miliyan 79 a duniya. Daga shi ne Desmond Llewelyn ya fara fitowa a matsayin mai ba Bond kayan aiki, da jakar nan mai wuƙa da hayaƙi mai sa hawaye, ya ci gaba har 1999. Faɗan cikin jirgin ƙasa tsakanin Sean Connery da Robert Shaw, wanda bai wuce 'yan mintuna a majigi ba, mako uku aka yi ana ɗaukarsa a ɗan ƙuƙumin ɗaki, kuma yawanci su biyun suka yi abinsu da kansu.

Shi kuwa Kennedy da ya tallata littafin, marubucin tarihi William Manchester ya ruwaito cewa an haska masa fim ɗin a Fadar White House ranar 20 ga Nuwamba. Washegari ya tashi zuwa Texas, ranar 22 aka harbe shi a Dallas. Fleming ma bai daɗe ba, zuciya ta ɗauke shi a watan Agustan 1964.

Daga baya iyalan Broccoli suka kira ɗan marigayin, Pedro Armendáriz ƙarami, wanda shi ma ya zama ɗan fim a Meziko, suka ba shi rawa a Licence to Kill na 1989. Ya fito a matsayin shugaban wata ƙasa da dillalin ƙwaya ya saye.